Bakin Daɓe Yana Jiƙe

Kwanon siminti na kaina, a bayan sabuwar makarantar da ake ginawa a Safana, Baba Mani mai goro ya sha gabana ya ce in sauke kayan. Na ce masa ba a saukewa sai a gaban magini, in ba haka ba mai kula da aiki ya yi faɗa. Ya ce, "Hansai, sauke dai." Na sauke.

Ya ce, "Inna Zali ta cika jiya da hantsi. An kai ta kafin la'asar."

Na yi salati. Da bakina ya sake buɗewa, ban tambayi ciwon da ya ɗauke ta ba, ban tambayi wadda ta yi mata wanka ba. Cewa na yi, "Daɓen fa?"

Ya ce, "Yana nan yadda ta bar shi, rufe da buhu."

Sai na koma baya kafin ku gane wannan tambaya, don ku yaran yanzu a baki kawai kuka san daɓe. Kwanan baya na tarar da jikata Rabi tana fasa ƙwallon goriba da madaɓina. Da na karɓe, ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa, wai wannan icen ne sana'ar taku? A bugi ƙasa ana waƙa? Ai ko ni na iya." Ban yi mata faɗa ba. Ita a kan siminti aka haife ta.

Mu ba 'yan nan ba ne asali. Daga arewa muka gangaro, can ƙasar Adar, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Damina biyu a jere ba mu ga ruwan kirki ba. Dabbobi suka ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, muka ɗaure abin da kai zai iya ɗauka muka yo kudu. Ɗana na fari a hanya muka binne shi. Inda ƙafa ta tsaya mana shi ne wani ƙauye a kan hanyar Ruma, kusa da Batsari. Akwai wata saura ta wani manomi, Malam Sada, gona ce da ya bari ta huta. Mai gari ya roƙe shi, ya ba mu aronta muka kafa zango. Amma da sharaɗi uku: ba ginin ƙasa, ba dasa itace, ba daɓe. Bukkar kara kawai. A wajensu, baƙon da ya daɓe ɗaki ya zama ɗan gari, ba a iya cewa ya tashi.

Kafin a yi wata biyu mazan zango sun wuce Kano da Kaduna da Ikko neman aikin gadi da ga-ruwa. Mijina yana cikinsu. Aka bar mata da yara da 'yan tsofaffi. Motar agaji takan zo da hatsi jefi-jefi, amma baki ya fi hatsin yawa.

Inna Zali gajeruwa ce, mijinta ya rasu tun a can, ba ɗa ba jika. Da muke tahowa kowa ya ɗauko tukunya ko tabarma, ita kuwa madaɓai uku ta ƙunso a zane, na icen kirya masu nauyi. Mun yi mata dariya a hanya. Ɗije, wata Bafillata da shanun mijinta suka ƙare ƙaf, takan ce, "Inna, in yunwa ta matsa a dafa mana ɗaya." Inna ce kuwa ta lura da abin da ba mu lura ba. A garin nan daɓe gayya ne, ba sana'a ba: mai ɗaki ta tara matan unguwa ashirin ko talatin, ta tuƙa tuwo ta dama fura, su yini suna bugu. A shekarar nan babu mai hatsin ciyar da gayya. Aure kuwa ba a daina ba, kuma ba uwar da za ta kai ɗiyarta ɗakin da ƙura ke tashi.

Aikinmu na fari ɗakin ɗiyar Hajiya Abu ne, matar wani mai sayar da hatsi a Batsari. Mu tara muka je. Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta ƙare mana kallo, duk ƙashin wuya a waje, ta ce, "Iya, waɗannan ne za su daɓe mini ɗaki? Ai iska ce za ta kwashe su."

Inna ta ce, "Hajiya, in ɗakin bai yi ba, kada ki ba mu ko ƙwaya. In ya yi, gero za ki auna mana, ki ƙara mana da ɓawon ɗorawar da kuke zubarwa bayan gida."

Hajiya ta ce, "Ɓawon kuma na mene ne? Shi ma ci kuke?"

Inna ta ce, "Ba mu kai nan ba tukuna."

Ɓawon nan shi ne makuba, da shi ake rufe daɓe. Baƙo ba shi da ɗorawa, kowace bishiya da mai ita. Shi ya sa duk gidan da muka yi wa aiki sai Inna ta haɗa da ɓawo a ladanmu, har muka tara namu.

Kwana biyar muka yi a ɗakin nan, kuma a nan na fara koyo. Ranar farko ba a taɓa madaɓi. Ana share ƙasa, a tone gidan gara in akwai, a daidaita. Inna takan kwanta ta ɗora kunci a bakin ƙofa ta dubi ƙasar, ta ce can ya yi tudu, nan ya lotsa. Sannan a ɗebo burji, jar tsakuwar nan ta bakin kwari, a kai ake ɗaukowa, a tankaɗe manya a ware, a baje kamar kaurin tafin hannu. Ruwa kuwa yayyafi ake yi da tsintsiya, ba zubawa ba. In ya yi yawa madaɓi ya kama ƙasa yana ɗagowa da ita, in ya yi kaɗan tsakuwa ta yi ta tsalle tana dukan idon mutum. Inna takan damƙi ƙasar ta buɗe hannu. In ta tsaya dunƙule ba ta ɓata tafi ba, to a durƙusa.

Ana durƙusawa ne a sahu, kafaɗa da kafaɗa, daga wannan bango zuwa wancan. Daga ƙuryar ɗaki ake farawa, ana ja da baya zuwa ƙofa. Madaɓai tara, uku na Inna shida na aro, su tashi tare su sauka tare. Ba ƙarfi ake sa wa ice ba, nauyinsa ake bari ya faɗi, a shimfiɗe, kada bakinsa ya sari ƙasa. Ranar da muka fara bugu ni da ƙarfi na yi, don ni ce ƙaramarsu kuma na fi kowa damtse. Kafin azahar tafina ya fashe, inda na bi duk ya yi rami-rami. Inna ta duba ta ce, "Ɗiyata, ƙasar nan ba ta zage ki ba." Ta sa na tone wurin na sake.

Waƙar da Rabi ke yi wa dariya ita ce ke riƙe da sahu. Mai ba da waƙa ita ke da saurin bugu a bakinta. In ta ja, hannaye su ja. Inna tana waƙa idonta na kan kafaɗunmu. Da ta ga wata ta fara saukar da madaɓi a makare, sai ta sassauta muryar ba tare da ta ambaci sunan kowa ba. Akwai Kuluwa, mai 'ya'ya huɗu da tari a ƙirji. Kullum a tsakiya Inna ke sa ta, ni a damanta, Ɗije a hagunta, bugunmu yana hawa kan nata, don kada a ga inda hannunta ya gaza.

Washegari a sake yayyafi a sake bugu, jibi ma haka, har ƙasa ta daina amsawa da ƙaramar murya ta koma ƙara kamar an bugi turmi. Sai a kawo makuba da ta kwana uku a jiƙe, ta yi baƙi tana wari, a shafe ɗakin, a bi da bugu mai sauƙi, a sake shafewa. Inna ce ƙarshen fita kullum, tana goge sawun gwiwarta da madaɓi har bakin ƙofa. Rana ta biyar mijin Hajiya ya shigo da buta, ya tsiyaye ruwan a tsakar ɗaki ya tsaya yana kallo. Ruwan ya kwanta kamar a cikin tasa. Ya ce, "A auna musu."

Rabon geron nan shi ne faɗanmu na farko. Inna ta zube shi a tabarma a tsakar zango, ta ce ba hannun da ya yi bugu za a ƙirga ba, bakin da ke jira a bukka za a duba. Kuluwa ta tashi da kaso biyar, ni da ɗaya. Na ce, "Inna, rabin aikinta ni na yi."

Ta ce, "Na gani."

Na ce, "To?"

Ta ce, "To Allah ya ƙara miki damtse."

Ɗije ta ce, "Ki haifi huɗu kafin kasuwa mai zuwa, sai ki kamo ta." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ɗauki geron na tafi. Amma shekara biyu bayan haka, da na yi nauyi har ba na iya durƙuso, a tsakiya aka sa ni, aka kuma kawo mini kasona har bukka.

Sunanmu ya tafi. Muka yi ɗakunan amare a Wagini, muka yi siton gyaɗa a Karare wanda gara ta hana mai shi sakat, muka yi zaure, muka yi farfajiyar masallaci. Masu sana'ar goro da ke bin kasuwanni su ke kawo mana saƙon aiki, Baba Mani ya fi kowa. Akwai mai ba da gero mai kyau, akwai mai haɗawa da dusa a ƙasan kwano. Inna ba ta yin musu a gidan mutane. Sai dai in gidan ya sake aikowa, ta ce sahu ya yi nisa. Wata mata ta taɓa roƙon mu yi mata rabin ɗaki yau, rabi bayan sati, don burjinta bai isa ba. Inna ta ƙi. Ta ce daɓe ba ya son gami: in gefe ɗaya ya bushe aka zo aka haɗa masa ɗanye, nan zai tsage, ta nan gara za ta shigo. Ko dai a yi shi gaba ɗaya, ko a bari.

Ba wanda ya naɗa ta, amma ita ce shugabar zango. In yaranmu suka shiga gonar wani, ita ke zuwa ba da haƙuri. Da matan gari suka hana mu rijiya sai sun gama, ita ta je ta zauna a ƙofar mai gari tun safe har ya fito, aka raba mana lokaci. Daga kowane rabo takan ware ƙwarya guda a tukunyar da ke bukkarta, ta mai jego da mai gawa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne haihuwa. Matanmu a kan rairayi suke haihuwa, cikin bukkar da iska ke ratsawa, kuma mun binne jarirai fiye da yadda zan so in faɗa. Takan ce, "Mun daɓe wa rabin ƙasar nan ɗaki, ɗiyanmu suna faɗowa a turɓaya." Kowace shekara bayan kaka sai ta je wa mai gari da maganar ɗaki ɗaya, babba, na matan zango. Kowace shekara ya ce ta yi haƙuri, gonar ba tasa ba ce.

Mummunar shekararmu ba ta fari ba ce. Ta kuɗi ce. Aka ce arzikin man fetur ya zo, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, motocin siminti suka fara shigowa. Duk mai ɗan hali ya ce shi ma siminti zai sa wa ɗiyarsa. Hajiya Abu da kanta, da za ta aurar da ta biyu, ta aiko mana da goro ta ce mu yi haƙuri, surukan 'yan birni ne. A ranin nan kaf ɗaki uku muka yi. Tukunyar mai jego ta koma fanko.

A shekarar ne kuma Malam Sada ya ce yana son gonarsa. Ba mugun mutum ba ne. Shekara huɗu ya ba mu ba ko sisi, 'ya'yansa sun girma sun yi iyali, gonar ta huta har ta gaji. Inna ta ɗauke ni muka je gaban mai gari, shi ma aka kira shi. Ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ba gonar muke roƙo ba. Gefen da bukkokinmu suke, da ɗaki ɗaya. Gidan da muka baro can, ƙasa ta cinye shi."

Malam Sada ya juyo wajen Inna. Ya ce, "Iya, ni ba zan rushe ɗakin da aka daɓe aka kwana a ciki ba, ubana bai yi ba. In kun gama kafin ruwan shuka, gefen nan naku ne. In ruwa ya riga ku, zan shuka abina."

Mai gari ya ce, "Kin ji. Kowa ya ji."

Tsofaffin mazan da suka rage suka taya mu, muka yi tubali muka ta da bango, muka ɗora jinka. Ɗakin faɗinsa na mutum tara ne, don Inna da sahunta ta auna shi. Muka tara burji, muka jiƙa makubar da muka daɗe muna ajiya. Saura bugu. Amma babu abin ci a zango. A lokacin ne aka ce ana neman mata masu ɗaukar yashi da ruwa da kwaɓaɓɓen siminti a ginin makarantar Safana, kullum da yamma a biya mutum a hannu. Na ce zan je kwana uku in samo na gero. Ɗije da wasu biyu suka ce za su bi ni, mu huɗun da muka fi ƙarfi.

Inna ta ce, "Hansai, gabas ta fara yin nauyi. Ku ba ni kwana biyar tukuna."

Na ce, "Inna, da me za mu yi bugun? Yaran Kuluwa tun jiya ruwan dusa suke sha."

Ba ta ce ƙarya nake ba. Ta ce, "To ku tafi. Kwana uku."

Kwana uku suka zama biyar. Mai kula da aiki ya ce wadda ta tafi, wata ce za ta maye gurbinta, ga mata nan a layi. Ban taɓa riƙe takardar kuɗi tawa ta kaina ba sai a makon nan. A rana ta biyar Baba Mani ya zo ya ce, "Inna ta ce in gaya miki sun fara. Su biyar sun ɗauki rabin ɗakin. Ta ce bakin yana jiƙe."

Na gane abin da take nufi. Matar da ta ƙi yi wa kowa gami ta yi wa kanta. Sun bugi gefe ɗaya, ta rufe bakin da ya tsaya da buhu tana jiƙawa, don kada ya bushe kafin mu zo mu ɗora. A bazara, a zangon da ake raba ruwan sha da ludayi. Na ce masa, "Ka ce mata jibi."

Da ya sake zagayowa ya ce, "Ta ce har yanzu yana jiƙe." Na ce jibi ake gama zuba dakalin azuzuwa, da an gama muna tafe. Zuwansa na uku shi ne wanda na fara ba ku labari.

Ranar muka kamo hanya, mota ta sauke mu a Batsari muka ƙarasa da ƙafa. Kuluwa ta ce tun rana ta biyu da fara bugu Inna take dafe ƙirji. Ita ke ba da waƙa, ita ke bugun mutum biyu, ita ke zuwa rijiya sau uku tana jiƙa buhu. Da ta kwanta, Kuluwa ta ci gaba da jiƙawa, don abin da Inna ta yi ta nanatawa ke nan. Na ɗaga buhun. Bakin yana da danshi. Gefen da suka buga kuwa, mata biyar marasa ƙarfi, ban ga inda zan gyara ba.

Ba a buga madaɓi ana zaman makoki. Muka ce ranar sadakar uku, da an watse, mu takwas za mu durƙusa, Ɗije ta ɗauki waƙa. Na kwashe abin da na samo a Safana na sayi geron sadaka. Ranar da safe ana cikin addu'a iska ta juya. Kafin azahar ruwa ya sauko, irin wanda muka yi shekaru muna roƙo, ya yini yana zuba. Mutanen gari suna ta hamdala, mu ma muka yi.

Washegari Malam Sada ya zo da 'ya'yansa da iri. Ya fara yi mana gaisuwa. Sannan ya leƙa ɗakin. Ya ce, "Allah ya jiƙan Iya." Ya ba mu har ƙarshen wata mu kwashe, ya fara shuka daga can nesa. Ba wadda ta je wa mai gari. Mai zuwan ba ta nan, kuma magana an riga an yi ta gaban kowa.

Zango ya watse. Wasu suka koma arewa da suka ji ruwa ya dawo. Ɗije ta bi 'yan'uwanta daji. Kuluwa ta raɓa a wani gida a Wagini tana surfe, ba ta kai kaka biyu ba. Ni mijina ya dawo muka kama haya a Batsari, na ci gaba da ɗaukar kwano a wurin gini har bayana ya ƙi. Nakan sami ɗaki jefi-jefi a ƙauye, in haɗa mata uku ko huɗu, amma sahu na bango zuwa bango ban sake gani ba. Madaɓan Inna uku, ɗaya yana wurina, shi ne na hannun Rabi.

Ɗakin ya yi damina biyu ya faɗi. Kafin hanyar Ruma ta lalace nakan je in duba. Jikokin Malam Sada ke noma wurin. Sun ce garma ba ta kama gefen da aka buga, sai dai su kewaye shi, gero ya tashi ta ko'ina ya bar fili a tsakiya kamar shimfiɗar tabarma huɗu. Ba a kai ga shafa masa makuba ba, amma bai tsage ba. Ɗaya gefen kuwa, inda mu huɗu za mu durƙusa, ba a buga shi ba har yau.